Garnaɗa, Fadar da Aka Gina da Jar Ƙasa

Babu jirgin da ke tashi daga Kano ya dire Sifaniya kai tsaye. Wanda ya nufi Garnaɗa, in ya gama da bizar Shengen da kuɗinta Yuro 90, sai ya yada zango a Alkahira ko Istanbul ko Kasabalanka kafin ya sauka Madrid. Daga tashar Atoca jirgin ƙasa mai gudu yana kai mutum cikin kamar awa uku da rabi, ta Ƙurɗuba da Antekera, a kan layin da aka buɗe a 2019. Mai tattalin aljihu ya hau bas, ya yi kusan awa biyar a hanya. Ko wanne mutum ya hau, ya nemi kujerar taga, don ƙasar da zai ratsa ita ce darasin farko. Fili ne fetal, busasshe, sai can kudu itatuwan zaitun su fara, jeri bayan jeri, suna hawa tuddai suna gangarowa har iyakar ganin ido. Lokutansu sun saɓa da namu, ruwansu da sanyi yake zuwa, watannin zafi kuwa sai a yi wata biyu ko uku ba ɗigo. Ana dab da isa sai duwatsun Siyera Nebada su bayyana a bayan gari, da dusar ƙanƙara a kansu har farkon zafi. Mafi tsawonsu, Mulhasen, ya kai mita 3,479, kuma sunan wani sarkin Garnaɗa, Abul Hasan Ali, yake ɗauke da shi. Ƙanƙarar nan in ta narke ita ke shayar da gari.

Abin da ke kai Bahaushe can yawanci tarihin Andalus ne da ya ji a makaranta ko a wa'azi, ya tafi da zuciya mai nauyi don ya ga abin da Musulmi suka rasa. Ni a ganina akwai abin da ya fi wannan amfani a gare mu. Alhamra, wadda Turawa ke kira Alhambra, tana cikin fadodin da aka fi yabo a duniya, mutum fiye da miliyan 2 ke shiga cikinta a shekara, amma in aka dubi abin da aka gina ta da shi, ƙasa ce da farar ƙasa da katako da jibsin da bulo, kayan da ba su fi ƙarfin kowace masarauta tamu ba. Darajarta ta fito ne daga hannun magina, da sanin yadda ake bi da ruwa da inuwa da sirri, da kuma gyaran da ba a daina yi mata ba. Mu kuwa mun yarda cewa ginin ƙasa alamar talauci ce, siminti da gilashi su ne ci gaba. Tafiyar kwana biyu a Garnaɗa ta isa ta girgiza wannan yarda.

Masauki ba ya wuya a garin, amma farashi yana hawa da tudu. A cikin ganuwar Alhamra kanta akwai otal ɗin gwamnati a wani tsohon gidan ibadar Kirista, inda aka fara binne Sarauniya Isabela ta Kastila, kwana ɗaya a can ya kai kuɗin kwanaki da yawa a ƙasan gari. Baƙo mai matsakaicin hali ya sauka kusa da Dandalin Nuweba, daga nan ko'ina da ƙafa ake zuwa. Kofi bai kai Yuro 2 ba, abincin rana mai kwano biyu da burodi wajen Yuro 12 zuwa 15, wanda in aka juya shi zuwa Naira sai mutum ya ji ƙoshi tun bai ci ba. Garnaɗa tana da wata al'ada da ta yi suna da ita a Sifaniya: ka sayi abin sha, ko da lemon kwalba ne, a kawo maka ɗan abin taɓawa kyauta, ka ƙara a ƙaro wani daban. Karamci ne, ko da yake na ciniki ne, bai kai ruwan da ake tarar baƙo da shi a ƙofar gida a wajenmu ba tun ba a tambayi sunansa ba. Sai dai Musulmi ya buɗe ido, don cinyoyin alade ne rataye a rufin kusan kowane gidan abinci, kuma suna yanka shi ƙanana su barbaɗa a kan wake da ganye ba tare da sun ɗauke shi nama ba. Mafita tana layin Kaldereriya Nuweba, inda 'yan Maroko ke da shagunan shayi da na'ana'a da kuskus da naman halal. A nan Larabcin makarantar allo ma yana ciniki. A titunan kuma akwai 'yan Senegal masu kasa jaka da tabarau, in suka ga baƙar fata sallama ke fara fita daga bakinsu. Kusa da babbar majami'a wasu mata za su miƙo maka reshen ganye mai ƙamshi kamar kyauta, in ka karɓa sai duba tafin hannu da neman kuɗi su biyo baya. Shaguna da dama suna rufewa da azahar don ƙailula, abincin dare kuma sai ƙarfe tara. Kafin a hau tudu ya kamata a leƙa Koral del Karbon, masaukin fatake na ƙarni na 14, mai tsakar gida da wurin shayar da dabbobi a tsakiya da ɗakuna a benaye, kaya a ƙasa masu kaya a sama. Duk wanda ya san yadda fatoma ke saukar da fatake zai gane tsarin.

Tikitin shiga Alhamra wajen Yuro 20 ne, ana sayensa ta intanet tun da makonni, da sunan mutum a kai, fasfo kuma a hannu. An rubuta lokacin shiga ainihin fadar, wanda ya makara ya yi asara. Akwai ƙananan bas ja masu hawa, amma hawa da ƙafa ta gangaren Gomeres ya fi, don ta nan ne mutum ke ratsa kurmi mai sanyi, ruwa na gudu a kwatoci gefe da gefe, har ya iso Ƙofar Shari'a wadda Sarki Yusuf na Ɗaya ya gina a 1348. An sassaƙa tafin hannu a bakan waje, mabuɗi a na ciki, hanyar cikinta kuma a karkace take don kada mahara su shigo a guje. A nan ne ya kamata matafiyi ya matsa kusa da ganuwa ya dube ta da kyau. Yawancinta ƙasar tudun ce. Ana kafa allunan katako biyu, a zuba jar ƙasa da tsakuwa da farar ƙasa a tsakani, a daddaɓe har ta yi tauri, a ɗaga allunan sama a sake. Ramukan sandunan da suka riƙe allunan har yanzu ana ganinsu a jere. Muhammadu ɗan Ahmar, wanda ya kafa gidan sarautar Banu Nasr, shi ya fara aikin a 1238, ke nan wasu sassan bangon sun doshi shekara 800 a tsaye. Daga waje babu ado, hasumiyoyi ne masu kusurwa huɗu, jajaye, shiru. Baƙon da bai san abin da ke ciki ba zai ɗauka barikin soja ne.

Wannan ɓoye kyau a ciki shi ne abu na farko da Bahaushe zai ji ya saba da shi. Ana shiga ta Meshuwar, inda ake zaman shari'a da sauraron talakawa, sai wata 'yar farfajiya mai bango guda da aka cika da zane tun daga ƙasa har rufi, da ƙofofi biyu iri ɗaya. Ta hagu ce ke kaiwa ciki, ita ma ba miƙe ba, sai an karya kwana a wani lungu mai duhu. Hikimar zaure da shigifa ke nan, ba a barin idon na waje ya faɗa cikin gida, kuma kowace ƙofa tana tace masu wucewa gwargwadon matsayinsu. Wanda ya taɓa bin fadawa daga Ƙofar Kudu zuwa sorayen Gidan Rumfa ya san wannan tafiya. Daga duhun lungun sai mutum ya fito farfajiyar Komares, tafki mai tsawon kimanin mita 34 kwance a tsakiya, da shingen wata shuka mai ƙamshi da aka aske a gefensa biyu. Ruwan yana shiga tafkin a hankali ta wani ɗan bakin dutse da aka ƙera don kada ya tayar da igiya, saboda haka hasumiyar Komares mai mita 45 take fitowa a cikinsa sak, ginin ya ninka girmansa ba a ƙara tubali ko ɗaya ba. Cikin hasumiyar ne zauren jakadu yake. Faɗinsa bai wuce mita 11 da 'yan kai ba, amma rufinsa ya kai kimanin mita 18, an haɗa shi da guntayen katako fiye da 8,000 cikin siffar taurari hawa-hawa, ana nufin sammai bakwai. Bangon yana da kaurin da har an fafe ƙananan ɗakuna a cikinsa. Sarki yana zama a na tsakiya, haske na bayansa, jakadan da ya shigo daga rana ba ya ganin fuskarsa sosai, shi kuwa yana ganin jakada tsaf.

Farfajiyar Zakuna, wadda Muhammadu na Biyar ya gina a rabin ƙarshe na ƙarni na 14, ita ce wadda ake bugawa a hotuna. Zakuna goma sha biyu na farin dutsen mabul suna ɗauke da kwanon ruwa, hanyoyin ruwa huɗu suna haɗa tsakiyar da ɗakunan da ke kewaye, ginshiƙai 124 sirara suna tsaye ɗaiɗai da bibbiyu da uku-uku. An sa darma a mahaɗarsu don su ɗan motsa in ƙasa ta girgiza, abin da ke faruwa a yankin. Mabul ɗin nan shi ne kaya mai tsada a gidan, kuma daga Makayel aka ɗauko shi, cikin ƙasar masarautar. Abin da ke saman ginshiƙan, wanda ke sa baƙi riƙe baki, jibsin ne, irin wanda ake yi wa silin ado da shi a gidajenmu yau. Ƙubbar Zauren 'Yan'uwa Mata Biyu tana da ƙananan gurabe kimanin 5,000 da aka liƙa ɗaya bisa ɗaya suna zubowa ƙasa, hasken tagogin da ke ƙarƙashinta yana sauya mata kama daga safe zuwa yamma. Ba ta ɗauke da nauyin komai, rataye take a jikin katako a ƙarƙashin rufi. Da yawan zanen bango ma da ma'auni aka zuba shi, a maimaita. Ƙasan bango tayil ne da aka yanka ƙanana aka haɗa, don nan ne kafaɗa da danshi ke taɓawa, sama da shi jibsin, can ƙoli katako. A tsakani rubutu ne ko'ina, ayoyi da waƙoƙin waziran fada irin su Ibn Jayyab da Ibn Zamrak, da taken gidan sarautar mai cewa rinjaye na Allah ne kaɗai, wanda aka maimaita har ba a iya ƙirgawa. Farin da ake gani yanzu ba haka yake da ba, an shafe zanen da ja da shuɗi da ruwan zinariya, burbushinsu na nan a lunguna.

Mai suka zai ce wannan duka almubazzaranci ne na sarakunan da ƙasa ke zamewa daga ƙarƙashinsu, sun zauna suna sassaƙa waƙa a bango maƙiyi na cin garuruwa. Akwai gaskiya a ciki. Tun 1246 ɗan Ahmar ya amince da biyan haraji ga sarkin Kastila, har ya taimaka masa wajen cin Ishbiliya a 1248, kuma rikicin gado tsakanin uba da ɗa da ƙane ne ya ƙarasa gidan, Muhammadu na Goma Sha Biyu ya miƙa mabuɗai ranar 2 ga Janairu 1492. Amma zargin almubazzaranci bai zauna daidai ba. Ƙaramar masarauta ce da ta rayu shekara fiye da 250 tsakanin manyan maƙwabta, kuma fadarta tana cikin makamanta, jakadan da ya tsaya a ƙarƙashin rufin nan zai koma gida da labarin ƙarfin da ya fi na gaske. Sun sayi wannan kwarjini da arha, da ƙasa da jibsin da gwanintar talakawansu. Wanda ke son ganin kashe kuɗi ya juya ya dubi fadar da Sarki Sharl na Biyar ya sa aka fara a 1527 a jikin ta Musulmi, ta sassaƙaƙƙen dutse, murabba'i a waje da'ira a ciki. Gini ne mai kyau a irinsa, ba a raina shi. Da harajin da aka ɗora wa Musulmin da aka tilasta wa shiga Kiristanci aka yi ta, da suka yi bore a 1568 kuɗi ya yanke, aka bar ta ba rufi har ƙarni na 20, sarkin kuma bai taɓa kwana a ciki ba.

Daga fada hanya tana haurawa zuwa Janaralife, gidan hutun sarakuna a tudun da ke fuskantarta. A nan ake gane cewa ainihin aikin sarauta a wurin nan ruwa ne. Tun farko ɗan Ahmar ya sa aka tare kogin Daro kimanin kilomita 6 sama da gari, aka jawo ruwan ta magudana a jikin tudu, yana gangarowa da nauyinsa ba inji ba famfo. Ya fara shayar da Janaralife, ya haye gada ya shiga ganuwa, ya bi gidaje da wuraren wanka da tafkuna, abin da ya rage ya sauka wa gari. Akwai wata matakala da ruwa ke gudu a kan hannuwanta biyu, mai hawa yana iya tsoma hannu duk tsawonta. Amma kada furanni su ɗauke hankali. Yawancin lambun da ake bi kafin a isa gidan a ƙarni na 20 aka shuka shi, ruwan da ke tsalle yana gicciye a doguwar farfajiya ma ƙari ne na baya. Na asali su ne fadamun da ke gangaren ƙasa, inda har yanzu ake noman kayan miya da itatuwan marmari, rumman da ɓaure da lemo. Lambun sarki yana ciyar da gidan sarki, yana kuma sanyaya iskar da ke shiga ɗakuna. Mu ma fadodinmu sun san wannan, Gidan Rumfa yana da shekarsa mai itatuwa. Abin da muka yi sakaci da shi shi ne a sabbin gine-gine, inda ake share fili a malale shi da siminti, sannan a sayi na'urar sanyaya ɗaki da janareto.

Suka mafi ƙarfi ita ce ta yanayi. Za a ce ruwan da ke sauka a Kano a shekara ya kusa ninka na Garnaɗa, kuma a wata uku ko huɗu yake zubowa da iska, ginin ƙasa kowace damina sai ya nemi yaɓe, in aka yi sake ya zube a kan mutane. Za a ƙara da cewa Alhamrar da ake gani yau rabinta gyara ce. Duka biyun haka ne, kuma na biyun shi ke amsa na farkon. Fadar ta ga wulaƙanci iri-iri. Fashewar albarushi a 1590 ta lalata rufin wani zaure, sojojin Napoliyon sun tarwatsa wasu hasumiyoyi da za su fita a 1812, lokacin da marubucin Amurka Washington Irving ya zauna a ciki a 1829 talakawa ne ke kwana a ɗakunan sarakuna, gobara kuma ta ci wani rufi a 1890. Masu gyaran ƙarni na 19 sun ƙara mata ƙubbobin da ba nata ba don ta yi kama da tatsuniya, sai da Leyopoldo Tores Balbas, wanda ya riƙe aikin daga 1923 zuwa 1936, ya cire su ya mayar da gyara ilimi. Zakunan nan ma an kwashe su an wanke an mayar, aikin ya ƙare a 2012. Ke nan abin da ya tsayar da ita hukuma ce mai kasafi, da ma'aikata na dindindin, magina da kafintoci da masu lambu, waɗanda baƙo zai gani da sassafe suna share magudana suna duba rufi. Jibsin ya fi tubalinmu tsoron ruwa, an kāre shi ne da rufi mai faɗin baki. Maginanmu suna da nasu maganin, makuba da katsi da laso da indararo mai jefa ruwa nesa da bango, da azarar giginya da gara ba ta ci. Hasumiyar masallacin Agadas mai mita 27 tana tsaye saboda ana yaɓe ta. Bakunan da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure a masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830 ba su da abin jin kunya a gaban kowane zaure na Andalus. Badalar Kano ba damina kaɗai ta cinye ta ba, masu ɗibar ƙasa da masu yanka filaye sun fi ruwa ɓarna.

Ba ina cewa daga Andalus muka koyi gini ba. An daɗe ana danganta ginin ƙasa na Afirka ta Yamma ga Abu Ishaƙ Assahili, mawaƙin Garnaɗa da Mansa Musa ya haɗu da shi a hajjin 1324 ya taho da shi Mali, ya gina masa zauren fada mai ƙubba, ya rasu a Tumbutu a 1346. Mutumin gaskiya ne, amma garuruwan ƙasa sun riga shi a yankin da ɗaruruwan shekaru. Alaƙar da ke akwai ta zamani ɗaya ce da hanya ɗaya. Shekarar da Garnaɗa ta faɗi Muhammadu Rumfa ne ke sarautar Kano, a gidan da har yau sarki ke ciki, abin da Alhamra ba za ta iya faɗa ba. Hasan Alwazzan, wanda aka haifa a Garnaɗa iyayensa suka yi hijira da shi Fas, shi ne ya rubuta wa Turawa labarin Kano da Katsina da Zazzau da Gobir a littafinsa da aka buga a 1550. Gine-ginen biyu amsoshi ne ga tambayoyi iri ɗaya, zafi da sirri da martabar sarki, kowa da ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsa.

Da la'asar matafiyi ya sauko ya haye Daro zuwa Albaizin, tsohuwar unguwar Musulmi, mai lunguna da ba sa ɗaukar mota da gidaje farare masu lambu a bayan katanga da tsoffin rijiyoyin tara ruwa a kusurwoyi. UNESCO ta sa Alhamra da Janaralife cikin kayan tarihin duniya a 1984, ta ƙara unguwar a 1994. A can sama, gefen dandalin San Nikolas inda jama'a ke cincirindon ɗaukar hoto, akwai masallacin da aka buɗe a 2003, mutum ya yi salla ya kalli fadar daga lambunsa ba turereniya. Mai neman tsaraba ya koma gangaren Gomeres, inda har yanzu akwai masu haɗa akwatuna da faifan dara da guntayen katako da ƙashi, sana'ar da ta rage tun zamanin Banu Nasr. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai wanda hoton zane ne aka manna aka shafe da mai ƙyalli, akwai wanda aka yanka aka jera da hannu, kuɗinsa ya ninka na farko sau da yawa. Ana bambanta su ta duban mahaɗar guntayen a gefen murfi, mai shago na kirki kuma zai nuna maka teburin da yake aikin a kai.